Ƙyauren Hajjo

Ranar da Kubra ta rasu, ƙyauren ɗakin Hajjo ya riga kowa isa gidan gaisuwa. Ana sallame sallar asuba Philip kafinta ya zo da sukundireba ya kwance shi, shi da wani maƙwabci, Manniru, suka ɗora a ka, suka bi lungu da shi a karkace don kada ya goge bangon mutane. Hajjo ta tsaya da carbi a hannu tana kallo har suka sha kwana. Sannan ta jawo wani tsohon asabari daga ƙarƙashin gado, ta karkaɗe shi, ta rataya a bakin ɗaki.

Ba yau aka fara ba. A duk wannan unguwa ta bayan Durumi, inda leburori da masu gadi da masu tuwo-tuwo suka kafa ɗakuna tun ana haƙa harsashin Abuja, babu ƙyaure irin nata. Na sauran mutane kwano ne aka buga a kan 'yan katakai, wasu ma buhun siminti suka ɗinke suka saka. Na Hajjo kuwa gambu ne na maɗaci, falle ɗaya, kaurinsa yatsu uku, wanda marigayi mijinta ya ɗauko a bayan tifa tun daga garinsu, don ya rantse shi ba kaza ba ne da zai kwana a bayan kwano. Saboda haka duk wanda ya mutu a unguwar, a kan ƙyauren nan ake yi masa wanka. A ɗora shi bisa bulo huɗu, a gama, a wanke shi da sabulu, kafin la'asar ya koma mazauninsa. Shi kansa mai ƙyauren a kansa aka wanke shi. Har ta kai in mata suka hango Philip ya nufi gidan Hajjo da sukundireba, sai su fara lissafin wa da wa ke kwance ba lafiya.

Kubra kuwa ba kowa ba ce illa maƙwabciyar bayan gida. Shekara ashirin suka yi suna faɗa a kan rariya guda, wadda ruwan wanke-wanken Kubra ke bi ya zo ya kwanta a tsakar gidan Hajjo. Sun yi ta kan katanga, sun yi ta taga, sun yi a gidan suna gaban baƙi. Amma in Hajjo ta kwana biyu ba ta ji muryar Kubra ba, sai ta aika a dubo ko lafiya, wai don kada a ce ita ta yi mata baki. Da aka buga mata ƙofa aka ce ciwon ƙirjin nan ya tafi da Kubra, sai da ta dafa bango. Shi ya sa ta manta yau Talata.

Zamanin ne farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai ya cika gari, inda jiya ake shanya rogo yau sai ka ga bene ya tsiro. Idon manya ya faɗo kan unguwar, aka ce za a rushe. Mai unguwa ya tara mutane ya karanta musu sharaɗi: duk mai ɗaki za a ba shi fili a can gaban Kuje. Ɗaki kuwa a wurin gwamnati shi ne bango huɗu da rufi da ƙyaure mai buɗewa da rufewa. Abin da ya rasa wannan rumfa ce, rumfa kuma ba ta da rabo sai bakin katafila. Masu ƙidaya za su zo ran Talata, sau ɗaya, su shafa lamba da jan fenti a jikin ƙyaure su wuce. A ranar Hajjo har dariya ta yi, ta ce in dai ƙyaure ne ita fili biyu ya kamata a ba ta. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, garinsu kuma waɗanda suka san ta duk sun kwanta dama. In ɗakin nan ya tafi ba lamba, ba ta san inda za ta ajiye ko da tukunya ba.

Hantsi ya ɗaga tana jiƙa gero, sai ga Philip a guje, fensir a bayan kunne.

"Mama! Mama, sun shigo. Sun gama layinmu, suna layin masallaci."

"Su wa?"

"Masu fenti mana! Yau Talata, Mama."

Ƙwaryar ta suɓuce. Hajjo ta dubi asabari, asabari na lilo a iska, ana hango gadonta ta tsakankaninsa.

"Daga masallaci zuwa nan gida nawa ne?"

"Sha huɗu. Amma suna sauri. Mutumin ba ya ko zama."

Ta yafa mayafi a birkice ta zagaya lungu. A ƙofar gidan Kubra maza na zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Mijin marigayiyar, Malam Kure, yana tsakiya, bai ko cire wandon aiki ba. Mai gadi ne a wani gida a Maitama, shekara goma sha biyar yana tura wa motocin wasu get na ƙarfe mai tafiya a kan taya, shi kuwa nasa ƙyauren da igiya ake ɗaure shi. Hajjo ta durƙusa gefe.

"Malam Kure, ya haƙuri?"

"Da godiya, Hajjo. Allah ya saka miki da ƙyaure."

"An yi mata wankan?"

"Rakiya muke jira. Ta bugo waya daga Orozo tana kuka, ta ce kada a zuba wa uwarta ruwa sai ta iso. Tana cikin mota. An ce hanyar Nyanya ta cushe."

"Jinkiri ba shi da kyau ga mamaci, Malam."

"Haka liman ya ce." Ya share ido da bakin hula. "Amma ita kaɗai gare mu."

Hajjo ta buɗe baki. Maganar ƙyauren ta zo har kan harshe, ta ga maza goma sun zuba mata ido, ta haɗiye. Ta tashi ta koma gida.

Philip na nan tsaye yana auna bakin ɗakin da tafin hannu.

"In ciro nawa in kawo, Mama?"

"Ba sun shafa masa lamba ba?"

"Sun shafa." Ya sosa ƙeya. "Tebur fa? In cire ƙafafun, in buga hinji."

"Teburin da bai kai gwiwata ba? Bar shi, Philip. Je ka tsaya bakin titi, in ka ga Rakiya ta sauka ka ce ta yi gudu."

Bai kai ga tafiya ba suka shawo kwana. Su uku ne. Na gaba dogo ne mai tabarau da kaftani mai guga, fayil a hammata, ana ce masa Oga Nuraddin. Bayansa wata budurwa, Nazifa, riƙe da fom da tef na awo. Na ƙarshe wani gajere ne mai gwangwanin fenti, hannunsa ja har gwiwa kamar mahauci. Gida biyu suka yi kafin nata, ko wanne bai ɗauke su tsawon alwala ba.

"Sannu, Iya," in ji Nuraddin, idonsa a kan takarda. "Ina ƙofar ɗakin?"

"Ga ta kana tsaye a gabanta, ɗan nan. Ko ta bango kake zaton nake shiga?"

"Abin rufewa nake nufi."

"To ka ce ƙyaure. Ƙofa ita ce wannan sararin. Abin da ka taka da takalminka kuma dokin ƙofa ne, ɗaga ƙafarka, ba a tsayawa a kai. Wannan da ke rataye asabari ne. Da na ciyawa ne saƙaƙƙe da sai a ce tufaniya, irin wadda kakarka ke jingina wa ɗakinta, in kana da kaka. Waccan ta sama taga ce. Waccan ta gindin bango rariya ce, ta ruwa da kaji. Wancan ƙarfen sakata ne, ka ga inda yake shiga har ya yi santsi..."

Tana magana tana leƙen bakin lungu. So take ta ja zancen har Allah ya kawo motar Orozo, kuma da akwai sauran ramuka a gidan da duk sai ta faɗi sunansu.

Nuraddin ya ɗaga hannu. "Iya, na gode da karatu. Ƙyauren yana ina?"

"Ya je wankan gawa."

Mai fenti ya fashe da dariya har gwangwani ya fantsala. "Oga, wannan sabo ne!"

"Jiya a wancan layin," in ji Nuraddin a hankali, "ƙyaure ɗaya ya zaga gida biyar. Muna fita ta gaba ana fitar da shi ta baya, a goge fenti da kananzir, a kafa a gida na gaba. Kowa da labarinsa. Na wani ɓarawo ya sace, na wani yana wurin gyara. Ni abin da idona ya gani nake rubutawa."

"Oga, duba nan," in ji Philip, ya nuna ɓarin hinji uku da ke manne a jikin katakon ƙofa. "Ni na kwance shi da safen nan. Wallahi ƙyaurenta ne, kowa ya sani."

"Hinji kowa na iya bugawa kafin karin kumallo. Nazifa, rubuta rumfa."

Biron ya sauka kan takarda. Amma yarinyar ba ta rubuta ba. Ta dubi hinjin, ta dubi tsatsar da ta zubo daga gare su ta yi layi a jikin katako.

"Oga, bari in je in gani. In auna nan, in auna can. In ya yi daidai, shi ke nan."

"Mu da ke da layi shida kafin azahar?"

"Minti goma, Oga."

Ya duba agogo, ya ja tsaki. "Gida uku suka rage a layin nan. In na gama su zan dawo ta nan. In ban ga ƙyaure a tsaye ba, na rufe shafin."

Nazifa ta ja tef ta auna tsawo da faɗin ƙofar, ta rubuta a tafin hannunta. Hajjo ta kama mata wuyan hannu suka zagaya lungu, Philip na biye.

Ɗakin Kubra ya cika da mata da ƙanshin kafur. Bokiti biyu na ruwa da ganyen magarya suna gefe, likkafani a naɗe a kan akwati. A tsakiya, bisa bulo huɗu, ga ƙyauren, ga Kubra a kai an lulluɓe ta da atamfa tun daga kai har ƙafa. Nazifa ta tsaya cak. 'Yar manyan ma'aikata ce, a Kaduna ta tashi cikin gida mai get biyu, ba ta taɓa tsayawa kusa da gawa haka ba. Sai da Hajjo ta tura ta da kafaɗa.

"Ba ta cizo yanzu. Da tana da rai ne da sai in ce ki yi hankali."

Yarinyar ta durƙusa ta maƙala bakin tef a kusurwar ƙyaure, dab da kan Kubra. Ta ja, tef ya kuɓuce ya koma gidansa da ƙara, ƙarrr, tas! Mata suka zabura da salati.

"Me ake yi haka?" in ji wata.

"Gwamnati ce," in ji wata. "Yanzu har gawa ake aunawa."

Hajjo ta karɓi bakin tef da kanta ta riƙe a wajen kai, ta ce wa Nazifa ta ja zuwa ƙafa. Suna cikin haka, tef a miƙe tsawon jikin Kubra, labule ya ɗaga. Rakiya ce, mayafi a wuya, takalmi ɗaya a ƙafa, ido ya kumbura.

"Me kuke yi wa uwata?"

Ɗakin ya yi tsit. Amma ko wane taro ba ya rasa mace guda da ba ta iya ganin wuta na mutuwa ba ta hura ba.

"Ƙyaurenta take so," in ji wannan, daga can ƙurya. "Masu ƙidaya na jiranta."

Rakiya ta juya ta dubi Hajjo. "Inna Hajjo, shekara ashirin ba ki bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Yau ma? Yau ɗin ma?" Ta ƙara ɗaga murya. "Ku ɗaga ta! Ku shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ta ɗauki katakonta ta tafi, ba ma so!"

Wata ta jawo tabarma ta warware a kan daɓen ƙasa. Mata huɗu suka matso, kowace ta kama kusurwar atamfa. Daga waje muryar Philip ta shigo.

"Mama! Saura gida ɗaya! In za a fito da shi a fito da shi yanzu, ga ni ga Manniru, mu ruga!"

Hajjo ta san ba ƙarya yake ba. Daga nan zuwa ɗakinta taku sittin ne. Philip na iya ɗaura hinji uku kafin mutum ya gama shan kofin ruwa. Ba ita ta ce a sauke ba, 'yar marigayiya ce ta faɗa da bakinta, gaban shaidu. Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru.

Matan suka ɗaga. Atamfar ta zame, ƙafar Kubra ta dama ta fito. Lalle ne a tafin, ja wur, bai ko fara goguwa ba. Hajjo ta dubi ƙafar, ta dubi tabarmar. Bokiti biyu a kan daɓen ƙasa taɓo ne. Matar da ke share tsakar gidanta sau uku a yini, a cikin taɓo za a juya ta, dama da hagu, ruwan da aka wanke ta da shi yana komowa jikinta.

"Ku sake ta."

Ba su ji ba, ko sun yi kamar ba su ji ba.

"Na ce ku sake ta!" Irin muryar da take yi wa Kubra ta kan katanga ce, har mazan waje suka yi shiru. Matan suka mayar da gawar a hankali. Hajjo ta ja atamfa ta rufe ƙafar, ta soke gefen. "Ba a taɓa sauke kowa daga kan ƙyauren nan ba a gama ba. Ba da ita za a fara ba, ta je can ta ce na kore ta."

"Mama!" in ji Philip.

"Yi mini shiru, Philip!" Ta juya ga Nazifa, wadda ke durƙushe da tef a hannu. "'Yar nan, tashi ki tafi. Abin da kika gani ki faɗa. Abin da ba ki gani ba kada ki ƙara."

"Iya, ban auna faɗin ba."

"Faɗinsa ya ishi duk wanda aka kawo. Je ki."

Yarinyar ta tashi ta fita. Hajjo ta cire mayafi, ta naɗe hannun riga, ta ɗaure zane a ƙirji. Rakiya na tsaye tana huci, ba ta san ko ta ci gaba da faɗa ko ta yi kuka ba.

"Cire wannan takalmin ɗaya, ki miƙo buta," in ji Hajjo. "Da dama ake farawa. Ki riƙe mata kai, ba ta son ruwa a kunne."

Ba su gaggauta ba. Sau uku aka zuba ruwa, na ƙarshe da kafur. Aka tsefe kitso aka raba uku, aka naɗe ta a likkafani, maza suka shigo da makara. Duk tsawon lokacin nan Hajjo ba ta dubi ƙofa ba ko sau ɗaya, amma kunnenta na waje. Ta ji muryar mai fenti ta wuce ta bayan katanga, ta ji kamar gardama, ta ji sun yi nisa.

Ana kiran azahar aka wanke ƙyauren. Philip da Manniru, maƙwabcin da suka kawo shi tare da safe, suka ɗauko shi yana ɗiga, Hajjo na biye a baya. Lungu ya yi fayau. Ko wane ƙyauren kwano da lambarsa ja, har na waɗanda kowa ya san daren jiya aka buga su. Hajjo ta sunkuyar da kai, ba ta ɗaga ba sai da ta ga ɗigon fenti a kan dokin ƙofarta.

A jikin asabari aka rubuta. Lamba ce babba, a karkace, fentin ya bi tsakankanin karan ya tsattsage, sai mutum ya ja baya yake iya karantawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Yarinyar," in ji Philip, yana jingina ƙyaure. "Oga ya ce ba a sa lamba a kan ciyawa. Ta ce ita ta ga ƙyaure da idonta. Ya ce shi bai gani ba. Sai ta fizge buroshi a hannun gajeren nan ta rubuta da kanta. Oga ya ce to, in an je ofis za a gani."

"A takarda fa? Ɗaki aka rubuta ko rumfa?"

"Na ga ta rubuta abu. Na ga shi ma ya karɓi biron ya yi wani abu." Ya ɗaga kafaɗa. "Ban san wanda ya ci ba, Mama."

Ya ɗaura hinji uku, ya gwada, ƙyauren ya rufe da irin nauyinsa na kullum. Sai ya miƙa hannu zai sauke asabarin.

"Kada ka taɓa."

"Ai ƙyaure ya dawo."

"Ƙyauren yana da lamba? Mayar da shi ta waje, a kan ƙyauren. A hankali, bai bushe ba."

Philip ya rataya shi yadda ta ce, ya tattara kayansa ya tafi. Hajjo ta tsaya tana kallon jan rubutun. Wata akuya ta fito daga lungu, ta matso tana shinshinar gefen asabarin, ta miƙa leɓe. Hajjo ta daka mata tsawa. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta ɗauko sanda, ta zauna a waje cikin rana, ƙyauren maɗaci a rufe a bayanta.